Bakabe, Sauke Tyson Ka Huta

Sarkin Ruwan Tudu, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara, tunda ba a taɓa jin ɗan namiji ya durƙusa wa ɗan mace ba. Labari ya iso Katsina, kuma ba bakin mutum ɗaya ya kawo shi ba, cewa rumfarka ta albasa a kasuwar Malanville ta koma majalisar damben boksin. Wai tun da aka toshe gadar Gaya bayan juyin mulkin Yulin 2023, manyan motoci suka yi dogon layi, ciniki ya ja da baya, kai kuma ka rasa abin yi, sai ka naɗa wa kanka rawanin alƙalin damben duniya. Da safe ka haɗa Tyson da Ali. Da azahar ka haɗa Joe Louis da Joshua. Kafin la'asar ka tono Marciano, bawan Allah yana kwance abinsa tun 1969, ka ɗaura masa hannu ka tura shi gaban Fury. Kuma kowane dambe aka yi a rumfar nan, ko babu Tyson a ciki, Tyson ne ke yin kisa.

Ni ba hana ka nake yi ba. Wanda ba a taya albasarsa dole ya sami abin motsa baki. Tambayata ɗaya ce: a ina ka koyo dambe? Iyakar sanina karonka guda ne a duniya, ranar da wani ɗan dako ya ce sai ka cika masa dala goma. Da idona na gani. Ka cire hula ka miƙa wa yaronka. Ka tuɓe riga, ka ninke ta gida huɗu, ka nemi wuri mai tsabta ka ajiye. Ka kwance agogo. Duk wannan hidima idonka na kan jama'a, kana ta "ku sake ni, ku sake ni", alhali ko ƙuda bai sauka a kanka ba. Da ka ga babu mai niyyar rabo, sai ka tuna ba ka yi la'asar ba. Ɗan dako ya karɓi dala gomarsa har da na shan ruwa. To wannan barden ne yau yake zaune a kan buhu yana yanke wa Joe Louis hukunci, mutumin da ya riƙe kambun duniya daga 1937 har 1949, ya kare shi sau 25.

Na san amsarka: jinin Kanta ne. Ban musa ba. Labarin kaka da kakanni ya ce Kanta tun yana yaro yana bin shanu babu mai tsaya masa a dambe ko kokawa, kafin ya girma ya gina Surame ya gagari Askiya. Sai dai labarin nan da kake tinƙaho da shi, shi ne kuma ya ce uwarsa 'yar Sarkin Katsina ce. Ka ga ashe naushin a nono ya sha shi, daga gidanmu. Da ya zo rabon gado kuwa, kai ba ka nan. Ko ruwan da ake yi muku kirari da shi bai karɓe ka ba. Bakabe guda, jikan masu homa da gora, waɗanda ke faɗawa Matan Fada su fito rungume da giwan ruwa, amma in za ka ƙetara Gaya a kwale-kwale sai ka nemi tsakiya ka zauna, ka ƙanƙame jakar kuɗi, ka runtse ido, kana jan duk addu'ar da ka haddace har da ta cin abinci. Yaran Dandi masu tuƙi sun gane ka, da gangan suke girgiza jirgin.

To, ya isa, kada ka yi hawaye a gaban abokan ciniki ka ce albasa ce. Mu zo kan magana.

Ciwonka, taubashi, shi ne ka kawo halin kasuwa cikin dambe. Kowa ya san yadda kuke ɗinka buhu: manya jajaye a baki, ƙanana da masu tsiro can a gindi. Haka ka ɗinke Tyson. A baki ka jera daren Nuwamban 1986 da ya tumurmusa Trevor Berbick a turmi na 2, ya zama sarkin ajin masu nauyi yana ɗan shekara 20, ba a taɓa yin mai ƙarancin shekarunsa ba. Ka ɗora daren Yunin 1988, wanda Michael Spinks bai wuce daƙiƙa 91 a tsaye ba. Sai ka sa basilla ka ɗinke. In mai saye ya ce a zazzage a ga gindi, ka ce an kira salla. To ni zan zazzage maka. Ga Tokiyo, Fabrairun 1990, inda Buster Douglas, wanda masu caca suka yi wa farashin 42 da 1, wanda uwarsa ta rasu 'yan makonni kafin ranar, ya shimfiɗe gwaninka a turmi na 10, yana rarrafe yana laluben robar haƙoransa. Ga Holyfield a 1996, turmi na 11. Ga 1997, da naushi ya ƙi ci ya koma ga haƙori ya gutsuri kunnen mutum. Ga Lennox Lewis a 2002, turmi na 8. Buhun Ali kuwa sai ka juya shi gindi a sama, kana nuna wa mutane dattijon 1980 da 1981 wanda ƙafa ta riga ta tafi, harshe ya fara nauyi.

Daga nan ka ɗauko lissafin nan naka na 'yan aji biyu. Wai Larry Holmes ya ci Ali, Tyson ya ci Holmes a turmi 4. Berbick ya ci Ali, Tyson ya ci Berbick a turmi 2. Saboda haka magana ta ƙare, a kawo shayi. Haba ɗan ƙanwata. Ali yana da shekara 38 ranar da Holmes ya dake shi. Holmes ma yana da 38 ranar da Tyson ya dake shi a Janairun 1988, bayan ya yi kusan shekara biyu yana zaune a gida. Joe Louis yana da 37, bashin haraji ya dawo da shi fage, lokacin da Marciano ya fitar da shi ta cikin igiya a 1951. Duk sanda aka haɗa zamani biyu da gaske, takardar haihuwa ce ke yin alƙalanci. In kuma ka nace sai da lissafinka za a yi, to a ƙarasa shi: a Nuwamban 2024 wani yaro mai yin bidiyo a YouTube, Jake Paul, ya ci Tyson da maki, Tyson yana da shekara 58. Kenan yaron nan ya fi Ali, ya fi Holmes, ya fi Berbick. Je ka faɗi haka a bakin kasuwa, mu ga ko ba za a kai ka a yi maka ruƙiyya ba.

Wannan lissafi tun 1974 aka binne shi a Kinshasa. George Foreman ya zo garin da dambe 40 ba faɗuwa, 37 duk kisa. Joe Frazier ya taɓa cin Ali, Foreman ya kai shi ƙasa sau 6 cikin turmi biyu. Ken Norton ya taɓa cin Ali har ya karya masa muƙamuƙi, Foreman ya gama da shi a turmi na 2. Da kai ne mai ba da shawara a lokacin, da ka ce Ali ya rubuta wasiyya. Ƙarfe huɗu na asuba aka shiga fage ranar 30 ga Oktoba, domin Amurkawa su kalla da darensu. Ali mai shekara 32 ya jingina da igiya, ya rufe fuska, ya bar saurayi ɗan 25 yana sarar iska da haƙarƙari, yana raɗa masa maganganun tsokana a kunne, yana danna masa wuya ƙasa duk sanda suka rungumi juna. A turmi na 8 Foreman ya juya ya kife. Ka riƙe sunan Foreman da kyau, domin wannan mai ban tsoro ne irin gwaninka, har ya fi shi tsawo, ƙarfin hannu kuwa sai dai a yi musu.

Yanzu mu yi abin da ba ka taɓa yi ba, wato adalci. Kowa ya kawo gwaninsa a darensa mafi kyau. Kai ka kawo Tyson na 1988, kafin ya rabu da mai horar da shi Kevin Rooney, lokacin kansa na kaɗawa dama da hagu, yana shigowa a duƙe yana sakin naushi huɗu kafin mutum ya ƙifta ido. Ni zan kawo Ali na Nuwamban 1966, ɗan shekara 24, daren da ya yi wa Cleveland Williams ruwan naushi a Houston cikin turmi uku, hannuwa a ƙasa, ƙafafu ba sa zama wuri ɗaya. Kuma ka lura, wannan ma ba shi ne ƙarshen gwanintarsa ba. A 1967 aka ƙwace masa kambu saboda ya ƙi shiga soja a kai shi yaƙin Biyetnam, ya yi shekara uku da rabi ba ya dambe, daga 25 zuwa 28, shekarun da ɗan dambe ke cika ya tumbatsa. Ali na 1968 da 1969 babu wanda ya gan shi. Naka gwanin ma ya yi zaman shekara uku daga 1992, amma ba zan faɗi dalili ba, akwai yara a rumfar.

Zan ba ka abu ɗaya, kuma ba don tausayi ba. Ali yana da ƙofa, kuma ƙofar tana daidai inda Tyson ya fi ƙarfi. Naushin hagu mai lanƙwasa, wanda ke zagayowa ta gefe, shi ne ya kai shi ƙasa a hannun Sonny Banks a 1962, da Henry Cooper a Landan a 1963, da Frazier a turmi na 15 a 1971. Yana da halin sauke hannun dama, yana ja da baya a miƙe, kai a sama. Tyson gajere ne irin Frazier, mita 1.78, hagunsa ta fi ta Frazier sauri, kuma yana da dama, abin da Frazier bai cika damuwa da shi ba. Frazier sai ya yi turmi uku kafin jininsa ya ɗumama. Tyson kuwa da zafinsa yake fitowa daga ɗaki. Saboda haka turmi huɗun farko, wallahi ni ma ba zan zauna ba, a tsaye zan kalla. Ba mamaki Ali ya taɓa ƙasa.

Sai me? Nan ne ni da kai muka rabu. Sau huɗu aka kai Ali ƙasa a rayuwarsa, sau huɗu ya tashi, uku daga ciki shi ya ci damben. Da karyayyen muƙamuƙi ya kai turmi 12 da Norton. A Manila a 1975 ya yi turmi 14 da Frazier cikin zafin da ya kusa kashe su duka biyu, har mai horar da Frazier ya hana shi fitowa na 15. Yanzu kawo mini dambe ɗaya, ɗaya tak, da aka kai Tyson ƙasa ya tashi ya ci. Ka tambayi majalisarka, ka tambayi masu kabu-kabu, ka ƙetara Gaya ka tambaya in zuciyarka za ta ɗauki jirgi. Babu. Rabin aikin Tyson tsoro ne ke yi masa tun kafin a buga ƙararrawa. Spinks a ɗakin sa kaya ya faɗi, gawarsa ce ta shigo fage. To mutumin da ya je har ƙofar gidan Sonny Liston cikin dare yana yi masa ihu a 1963, shi za a tsorata da harara? Ko a shekarun ƙarfinsa, dogayen da suka ƙi tsoro sun kai Tyson ƙarshe: James Tillis ya yi turmi 10 da shi a 1986, Tony Tucker ya yi 12 a 1987. Douglas bai zo da wani asiri ba, dogon hannun hagu ne mai tsinke, da ƙafa, da runguma in an matso. Waɗannan ukun kuwa Ali ne limaminsu. Tsawonsa mita 1.91, hannunsa ya fi na Tyson da kusan santimita 18. Daga turmi na 6 kan gwaninka zai daina kaɗawa, ya koma jefa naushi ɗai-ɗai yana neman sa'a, Ali na yi masa hira a kunne. Kuma shi Tyson ɗin da bakinsa ya sha faɗa cewa Ali ne gaba da kowa. Mai abu ya ce ba nasa ba ne, kai ɗan karere kana ta rantsuwa.

An ce mini akwai wani yaro a majalisar taka, mai ɗinkin buhu, wanda ke ba ka wahala ta wani ɓangaren. Shi cewa yake duk surutu ne, mutanen da ƙanana ne, Fury mai mita 2.06 zai zauna a kansu ne kawai. Ka gaishe shi, ya fi ka hankali, amma shi ma ya yi rabin karatu. Gaskiyarsa a kan Marciano: dambe 49 ba faɗuwa, amma kilo 85 ne, gajeren hannu, yau ko shiga ajin masu nauyi ba zai yi ba, domin ajin da ke ƙasa da su ma ya kai kilo 90. A bar shi ya kwanta da darajarsa. Amma girma kaɗai bai taɓa cin dambe ba. A 1919 Jack Dempsey mai kilo 85 ya kai Jess Willard mai kilo 111 ƙasa sau 7 a turmin farko. In ya ce wannan tsohon labari ne, to ga na jiya. Oleksandr Usyk na Yukiren, wanda ya taso daga ƙaramin aji, ya ci Joshua sau biyu, a 2021 da 2022. Ya ci Fury sau biyu a Riyad cikin 2024, a karo na biyu Fury ya hau sikeli da kilo 127, shi yana da 102 da ɗoriya. Tsawon Usyk mita 1.91. Ka ji lambar nan a wani wuri? Tsawon Ali kenan, tsawon hannunsu ma ɗaya, nauyin Ali a Kinshasa kilo 98. Wato mutumin da ya share ƙattan zamanin nan duka, girman Ali gare shi, da ƙafa da numfashi da kai ya yi aikin. Kai da ke wuni a gaban sikeli ya kamata ka fi kowa sanin cewa nauyi daban, kyau daban.

Joshua kuwa kada ka sake haɗa shi da Joe Louis, ka ji tsoron Allah. Ɗanmu ne, asalinsa Shagamu, muna son sa. Amma wanda Andy Ruiz mai tumbi irin naka ya kayar sau huɗu a 2019, Daniel Dubois ya gama da shi a turmi na 5 a Wembley a 2024, a bar shi ya ji da na zamaninsa.

Sannan ba ka taɓa gaya wa majalisa da wace doka ake damben naka ba. Turmi nawa? A 1915 a Habana turmi 45 aka yanka wa Jack Johnson da Willard, aka gama a na 26. Zamanin Ali 15 ne. Bayan mutuwar ɗan Koriya Duk Koo Kim a 1982 aka fara rage shi zuwa 12. Turmi ukun nan da aka cire ba ƙaramin abu ba ne, can ne ake sanin wanda ya yi gudun asuba da wanda ya kwana a gidan rawa. Da turmi 12 ake yi a 1952, da Marciano bai karɓi kambu a daren ba, domin Jersey Joe Walcott na gaba da maki har sai da dama ɗaya ta same shi a na 13.

In kuma dokar gida kake so, irin ta gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei ko dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano, hannu ɗaya a ɗaure, turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, to nan labari ya sauya. Da wannan doka Sonny Banks, wanda ko kai ba ka san shi ba sai yau, ya kashe Ali a turmin farko. Da ita Francis Ngannou na Kamaru, a damben boksin ɗinsa na farko, ya kashe Fury a turmi na 3 a 2023, an ɗaga shi sama ana kiɗa. Kuma da ita, na yarda, Tyson zai iya kashe kowa, domin shi ɗan turmi uku ne tun asali. Ka ga na ba ka kyauta, karɓi da hannu biyu yadda aka koya maka. Sai dai ka gaya masa a gidan dambe ana sa ƙafa, kuma ba a cizo.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne da aka ce yanzu in musu ya yi zafi sai ka zaro waya ka tambayi ƙirƙirarriyar basira, ka ɗaga sama kana cewa na'ura ba ta ƙarya. Kai da ba ka iya sa kati a wayar sai yaronka ya zo. To an riga ka, tun kana tsumman goyo. A 1967 wani mai shirin rediyo a Miami, Murray Woroner, ya zuba bayanan zakaru 16 cikin kwamfuta ta kamfanin NCR, ya haɗa su gasa. Na'ura ta ce Jim Jeffries, zakaran 1899, ya fitar da Ali, Marciano ya ɗauki kambu. Ali ya kai ƙara yana neman dalar Amurka miliyan 1. Aka sasanta a kan a yi fim. A 1969 aka kawo Marciano mai shekara 45, ya rage tumbi, aka ɗora masa gashin aro a kan sanƙo, suka yi ta taɓa juna a gaban kyamara, aka ɗauki ƙarshe iri-iri aka ajiye. Ranar 20 ga Janairun 1970 aka nuna a gidajen silima, na'ura ta ce Marciano ya yi kisa a turmi na 13. Shi Marciano bai ma gani ba, haɗarin jirgin sama ya ɗauke shi a watan Agustan da ya gabata. Turawan Turai suka yi ƙorafi, sai aka fito musu da wani ƙarshen inda Ali ya ci. Dambe ɗaya, sakamako biyu, kowane mai saye da irin nasa. Da aka gwada na'urar a kan rayayyu kuwa, ta ce Bob Foster zai gama da Frazier a turmi na 6. Frazier ya sumar da shi a na 2. Wannan ita ce kakar abin da ke aljihunka.

Kuma cutar ba ta boksin kaɗai ba ce. Ƙetara gulbi ka zauna a majalisar Gaya, za ka tarar ana haɗa Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin kokawa na farko a Tawa a 1975, da Isaka Isaka na Doso mai takobi shida, tsofaffi na jijiyar wuya, samari na dariya. A namu ɓangaren, ka ce wa dattijo Ebola ko Ali Ƙanin Bello ko Dogo Mai Takwasara zai tsaya da Shago, sai ya ɗauki butarsa ya bar maka wurin. Amma yawancin masu rantsuwa da Shago ba su taɓa ganin ya ɗaga hannu ba. Kalangun Ɗan Anace suka ji, suka ji yadda ya kwatanta shi da Ɗandunawa, tsigar jikinsu ta tashi, har yau ba ta kwanta ba. Mawaƙi kuwa ba ya ajiye lissafin ranar da gwaninsa ya zame. 'Yan damben yanzu ba su yi wannan sa'ar ba. Duk wanda ya sha ƙasa yau, kafin ya kakkaɓe yashi bidiyon ya isa Kwatano, ana maimaita shi a hankali ana sa masa kiɗa. Ta yaya mai faɗuwa a cikin waya zai yi dambe da mai rai a cikin waƙa?

Kai ma Ɗan Anacenka kaset ne. Na san gidan kallon da kake shiga kana saurayi, rumfar zana da janareta mai tari, ka biya kuɗin da aka aike ka sayen gishiri, a sa muku kaset ɗin nan na Tyson wanda ba komai a cikinsa sai kisa, ɗaya bayan ɗaya, ba a nuna turmin da aka rungume shi, ba a nuna Tokiyo. Ka fito kana kaɗa kai kana naushin iska, ka yi askin nan mai tsaga a gefe, Baba ya sa wanzami ya ƙwalƙwale shi a ranar. Wancan yaron kake karewa, ba Tyson ba, kuma shi kam ina son sa, domin lokacin kana da wuya. Za ka ce ni ma rediyon mahaifina ne ya sayar mini da Ali. Faɗi, bakinka ne. Bambancin shi ne ni na kawo shekaru da turmi da sikeli, kai ka kawo "wallahi" da buga cinya.

Ga hukunci, ka karanta wa majalisa da ƙarfi, kada ka tsallake layi. Turmi 15, kowa a darensa: Ali ya sha wuya a huɗun farko, ya tsayar da Tyson tsakanin na 11 da na 13. Turmi 12: Ali da maki, ba gardama. Joe Louis da Joshua, Louis kafin na 7. Lennox Lewis a ranar da ya zo da hankalinsa, shi ne wanda zai fi ba Ali ciwon kai, ba gwaninka ba, kuma wannan musun na fi son mu yi in ka yi karatu. Marciano a ƙyale shi. Tarar ɓata wa jama'a lokaci kuwa buhun albasa ɗaya da na shinkafar Malanville ɗaya, a biyo da su ta Kamba, kuma ni zan zazzage da hannuna. In kana da amsa ka rubuto, fili na nan, amma ka rubuta da kanka, kada ka sa mai ɗinkin buhu.